Kwarya Ta Huɗu Da Buhu Na Biyar: Jawabi A Kan Amfanin Ƙari

 An umurce ni in yi magana a kan wata kalma guda ta ilmin tattalin arziki, wadda ɗalibai ke haddacewa domin jarrabawa, ma'aikata ke jefawa cikin rahotanninsu, amma ba safai ake tsayawa a fassara ta ga mutanen da abin ya fi shafa ba. Ni kuwa a ganina babu magidanci ko uwargida a wannan zaure da ba ya aiki da ma'anarta kullum, sai dai bai san an raɗa mata suna ba.

Bari mu fara daga gona. Ga mutum ya wuni yana sharar gona cikin zafin bazara, ya komo gida maƙogwaro a bushe. Aka miƙo masa kwaryar ruwan randa, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Da a ce wani zai tare shi a wannan lokaci ya ce sai ya biya kafin ya sha, da ya ba da duk abin da ke aljihunsa. Aka kawo ta biyu, ya sha, da daɗi, amma ba kamar ta farko ba. Ta uku ya kurɓi rabi, ya wanke fuska da sauran. Ta huɗu ya ce a zuba wa kaji. In aka matsa masa da ta biyar, to, an nemi faɗa. Randa ɗaya ce, kwarya ɗaya, sanyin ruwan ma bai canja ba. Abin da ya canja shi ne yawan ƙishirwar da kowace kwarya ta tarar a jikinsa.

To, amfanin da mutum ya samu daga kwarya guda da aka ƙara masa bisa waɗanda ya riga ya sha, shi zan riƙa kira amfanin ƙari. In kuwa aka haɗa amfanin dukan kwaryoyin wuri ɗaya, wannan shi ne amfanin jimla. Domin a gane bambancinsu, bari in ba kowace kwarya maki kamar yadda malami ke yi wa 'yan makaranta, ko da yake makin nan na misali ne kawai. A ce ta farko ta ci 10, ta biyu 6, ta uku 3, ta huɗu 1, ta biyar ba ta ci kome ba. Jimla tana hawa: 10, 16, 19, 20, sa'an nan ta tsaya. Ƙari kuwa sauka yake yi tun daga farko. Wannan saukar ita masana ke kira dokar raguwar amfanin ƙari, watau gwargwadon yawan abin da ke hannunka, gwargwadon ƙanƙantar amfanin da ɗaya na gaba zai kawo maka, muddin lokacin ɗaya ne, buƙatarka kuma ba ta sake ba.

Akwai abin lura game da kalmar amfani ita kanta. A bakin masanin tattalin arziki ba ta nufin alheri ko abin da likita zai yaba. Biyan muradi kawai take nufi. Karan taba yana da amfani ga mashayinta bisa wannan ma'ana, ko da yake cutar da shi yake yi. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka masanan nan suna yabon abin da ba na yabo ba, alhali suna bayyana yadda mutane ke zaɓe ne, ba yadda ya kamata su zaɓa ba.

Mai sauraro na iya cewa, ai wannan yaro ma ya sani, me ya kai shi jami'a? Abin da ya kai shi wata tambaya ce da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. A shekarar 1776 Adam Smith, mutumin Sikotilan wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya kawo ta cikin littafinsa a kan arzikin al'ummai. Ya lura babu abin da ya kai ruwa amfani, amma da ƙyar za ka saye wani abu da shi, ga kuma lu'ulu'u, ba ya maganin yunwa ba ya maganin ƙishirwa, amma ɗan ƙanƙane ya isa a sayi dukiya mai yawa. Sai ya raba daraja gida biyu, ta amfani da ta musaya, ya nemi sirrin farashi wajen wahala da kuɗin da aka kashe kafin a samar da abu. Da gaskiya a cikin wannan, amma ba ta cika ba. Wanda ya tsinci lu'ulu'u a bakin hanya bai sha wata wahala ba, duk da haka ba zai sayar da shi da araha ba.

Kusan shekara ɗari bayan haka mutum uku suka warware ƙullin, kowa a garinsa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki: William Stanley Jevons a Mancesta ta Ingila da Carl Menger a Biyana ta Ostiriya, duka a 1871, sai Léon Walras, Bafaranshe mai koyarwa a Lozan ta Suwizalan, a 1874. Amsarsu ita ce, a kasuwa ba a taɓa tambayar mutum ya zaɓa tsakanin dukan ruwan duniya da dukan lu'ulu'un duniya. Da za a yi, da kowa ya ɗauki ruwa ba gardama. Abin da ake tallata maka tulu guda ne bisa wanda ke gidanka, ko dutse guda bisa wanda ba ka da shi. Inda ruwa ya wadata, tulun ƙarin na yayyafa wa tsakar gida ne, saboda haka kuɗin yayyafi za ka biya, ba kuɗin ceton rai ba. Mu da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa mun san wannan a aikace. Jarkar da mai gida ke yi wa tayin raini da damina, ita yake bi da kuɗi a hannu yana roƙo cikin Afrilu, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya.

Ba zan wuce ba sai na ambaci wani bawan Allah da ya riga su duka, bai kuwa ci moriyar aikinsa ba. Hermann Heinrich Gossen tsohon ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar Jamus. A 1854 ya buga littafi wanda ya ƙunshi wannan doka a fili, yana tsammanin zai girgiza duniya. Kusan ba wanda ya saya, ya rasu a 1858 ba a san da shi ba. Sai a 1878 aka ci karo da littafin, Jevons kuma ya fito ya amsa cewa an riga shi. Sunan da ake amfani da shi yau wani almajirin tafarkin Menger ne ya raɗa shi, Friedrich von Wieser, a 1884, ya haɗa kalmomin Jamusanci biyu, ɗaya ma'anarta iyaka, ɗaya amfani. Alfred Marshall na Kambirij ya yaɗa takwararsa ta Turanci da littafinsa na 1890. Kalmar Turancin gefe take nufi, kamar gefen takarda ko kunyar ƙarshe ta bakin gona, watau daidai wurin da mutum ke tsayawa ya ce, in ƙara ɗaya ko in dakata?

Yanzu ga misalin da na fi so, domin ya fi kusa da rumbunanmu. Eugen von Böhm-Bawerk, masani wanda ya riƙe ministan kuɗi na Ostiriya har sau uku, ya kawo shi a 1889. Wani manomi ne zaune shi kaɗai a daji, ya girbe buhu biyar na hatsi, su zai riƙe har wata kaka. Na farko domin kada ya mutu da yunwa. Na biyu domin ya ƙoshi ya sami ƙarfin aiki. Na uku ya kiwata kaji. Na huɗu ya dafa giya. Na biyar ya ciyar da wasu aku da ke ɗebe masa kewa. To, a ce ɓeraye sun cinye buhun da ya ware domin abincinsa. Zai zauna da yunwa ne ya ci gaba da ciyar da aku? Ko kusa. Zai jawo buhun aku ya mai da shi na tuwo. Ashe ko wane buhu ya salwanta cikin biyar ɗin, abin da ya rasa a zahiri shi ne hirar aku. Saboda haka muddin yana da biyar, darajar kowane buhu a wurinsa darajar na biyar ce. In suka koma uku, kowanne ya zama darajar kaji. In ya rage saura ɗaya, darajarsa ran mutum.

Ina roƙon manoman da ke nan su riƙe wannan, domin a nan ake yin asarar da ba a gani. Da kaka, rumbu cike, dammuna jibge a masussuka, ido yana faɗa wa mai gida cewa buhunan sama duk na aku ne. Maƙwabtansa ma haka suke gani, kowa ya kwashi nasa zuwa kasuwa a mako guda, farashi ya faɗi warwas. Amma lissafin manomin dajin nan na shekara ne cur, ba na watan girbi ba. Buhun da ka kira na biyar a Nuwamba, in iyalinka goma sha biyu ne, wataƙila shi ne na farko a Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A yawancin shekaru a wannan lokaci ne mudu ke kai ƙarshen tsadarsa, sai ka ga mutum yana sayen irin geron da ya sayar, a hannun wanda ya sayar wa, da kuɗin da ya ranto. Ban ce kowa da gangan yake yi ba. Da yawa bashin taki ne ke bin su, ko kuɗin makaranta, ko rashin lafiya, wanda kuwa wuƙa ke wuyansa ba a yi masa lacca. Akwai kuma ƙwari da gara da ke cin ajiya, ko da yake tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku wanda ke toshe wa ƙwaron wake iska ba tare da an zuba magani ba. Amma wanda zai sayar domin ƙarin shagalin biki, ko domin ya ga kowa na sayarwa, ya kamata ya zauna tukuna ya ƙidaya bakunan gidansa da watannin da suka rage, ya ware na farko da na biyu da na uku na shekara duka. Abin da ya saura bayan wannan shi ne na biyar na gaskiya.

Wannan doka ita ke bayyana abin da ya sa ɗan gibi kaɗan a amfanin gona ke haddasa tsada mai yawa. Tun a 1699 Charles Davenant ya buga wani ƙiyasi da ake dangantawa da Gregory King game da hatsi a Ingila: in girbi ya gaza da kashi 1 cikin 10, farashi kan hau da kashi 3 cikin 10, in ya gaza da kashi 2, ya hau da kashi 8, in ya gaza da rabi, farashi ya ninka fiye da sau biyar. Alƙaluman na ƙasarsu ne da zamaninsu, kada a ɗora su a kan Dawanau, amma siffar abin ɗaya ce ko'ina. Gibin farko abincin kaji yake ci, na biyu ya taɓa ƙoshi, na uku ya shiga cikin abin da ke riƙe rai, a nan kuwa mutum ba ya ciniki, sai dai ya sayar da akuya da garma ya saya. Dattawan da suka ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, ba sa bukatar a ba su labari. Dalilin ajiyar hatsi ta gwamnati ke nan, tun daga Hukumar Hatsi ta Ƙasa da aka kafa a 1977 aka rushe a 1986, har zuwa manyan rumbunan ƙarfe da aka gina daga baya: a ɗebe buhu daga shekarar da yake na aku, a kai shi shekarar da zai zama na ceton rai. In aka juya abin kuma, shi ne kukan masu noman tumatir a Kadawa da makamantanta, sa'ad da kowa ya tsinka lokaci guda, kwandon ƙarshe bai biya ko kuɗin motar da za ta kai shi kasuwa ba.

Mu bar gona mu shiga kasuwa tare da uwargida. An ba ta kuɗin cefane, ba za a ƙara ko kwabo ba. Kowa ya san hatsi ya fi gishiri muhimmanci, amma ba za ta juye kuɗin duka a kan hatsi ba. Za ta auni abin da zai ishi gida, sa'an nan ta ga cewa mudu na gaba bai kai kwalbar manja amfani ba, sai ta juya wajen mai manja. Daga nan kayan miya, daddawa, ɗan nama in da hali, itace ko gawayi. In ta lura Nairar ƙarshe da ta sa a nama za ta fi yin aiki a wajen tattasai, sai ta rage tsoka guda ta ƙara tattasai. Ba za ta daina wannan jujjuyawa ba sai ta kai inda ɗauke Naira daga nan zuwa can ba zai ƙara wa tukunya kome ba. Wannan ita ce doka ta biyu ta Gossen, wadda ɗalibai ke zana wa alamomin lissafi: mai kuɗi ƙayyadadde yana cin iyakar moriyarsu ne in amfanin Nairar ƙarshe ya zo daidai a kowane abin da ya saya. Iyayenmu mata sun gama wannan lissafi a ka kafin malami ya gama goge allo. Daga nan ne kuma aka gane dalilin da ciniki ke raguwa in abu ya yi tsada, da dalilin da mai tumatir ke yi miki gyara, da dalilin da kamfanin waya ke rangwanta wa wanda ya sayi data mai yawa. Duk sun san na biyu bai kai na farko daraja a wurin mai saye ba, sai an sassauta zai ɗauka.

Kuɗi fa, su ma amfaninsu na raguwa? Wannan tambaya ta girmi duk waɗanda na ambata. A 1738 Daniel Bernoulli, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya buga wata maƙala a mujallar cibiyar ilmi ta Santa Fitasbag a Rasha, inda ya nuna cewa kuɗi iri ɗaya sun fi nauyi a hannun matalauci bisa hannun mawadaci. Naira 10,000 ga lebura abincin kwanaki ne, ga attajiri kuwa ko ya ɓatar da su a mota ba lalle ya lura ba. Ya ciro wani sakamako daga nan wanda nake so samarinmu masu cacar ƙwallo su ji. A ce kana da Naira 100,000, ka sa 50,000 a caca wadda ba magudi a cikinta, ci da faɗuwa daidai wa daida. Bisa lissafin alƙalami ba ka yi riba ba ka yi asara ba. Amma 50,000 da za ka rasa na haya ne da abinci, watau buhu na biyu da na uku, waɗanda za ka ci kuwa na sabon takalmi ne, buhu na biyar. Ka jingina mai nauyi domin neman marar nauyi. Wannan fa a cacar da aka yi adalci ke nan, balle wadda mai ita ya riga ya cire rabonsa tun kafin a buga wasa. Dalilin nan ne kuma, in aka juya shi, ya sa mai hankali ke yarda ya biya kaɗan a kai a kai domin inshorar lafiya ko asusun taimakon juna: yana ba da Nairorin sama ne domin ya tsare na ƙasa.

A kan wannan tushe aka gina hujjar harajin da ke hawa bisa hawan samu. Francis Edgeworth a 1897 da Arthur Pigou a 1920 sun yi bayanin cewa in ana so ɗacin haraji ya yi sauƙi ga jama'a baki ɗaya, to, a fi ɗiba daga inda Naira ba ta da nauyi. Dokokinmu sun bi wannan hanya. Gyaran da aka yi a 2011 ya sa kashi 7 cikin 100 a kan Naira 300,000 na farko, yana hawa har kashi 24. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 ta yafe Naira 800,000 na farko a shekara, ta sa kashi 15 daga nan zuwa miliyan 3, kashi 18 a mataki na gaba, har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. A nan akwai kuskuren da na sha ji a ofisoshi. Ma'aikaci ya ce yana tsoron ƙarin girma, wai zai shiga sabon mataki haraji ya cinye albashinsa. Ba haka abin yake ba. Kowane kaso a kan ƙarin da ya faɗa cikin matakinsa kaɗai yake hawa. Wanda abin da ake lissafa masa haraji a kai ya tashi daga miliyan 3 zuwa miliyan 3 da dubu 100, dubu ɗarin nan kawai za a cire wa kashi 18, na ƙasa suna nan yadda suke.

Sai dai gaskiya ta sa in faɗa muku cewa ba duk masana suka yarda da hujjar Pigou ba. A 1932 Lionel Robbins na Landan ya ce babu sikelin da zai auna daɗin da ke zuciyar Audu a gwada shi da na zuciyar Bala, saboda haka cewa Nairar attajiri ba ta kai ta talaka nauyi ba hukunci ne na adalci, ba binciken kimiyya ba. Tun kafinsa Vilfredo Pareto a 1906, daga baya kuma John Hicks da Roy Allen a 1934, sun nuna ana iya gina ilmin ciniki duka ba tare da makin nan na 10 da 6 da 3 ba, ya isa a san mutum ya fi son wannan bisa wancan, da kuma nawa zai saki na wannan domin ya sami ɗaya na wancan. A nawa ra'ayi Robbins ya yi gaskiya game da sikeli, ba a ƙera shi ba, ba kuwa za a ƙera ba. Amma rashin sikeli bai hana mu sanin wanda ya kwana da yunwa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Gwamnati ma ba ta tsira daga wannan doka ba, mun kuwa taɓa koyonta da tsada. Bayan kuɗin man fetur sun yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1974, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 domin a kawo cikin shekara guda, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara. A 1975 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu watanni suna jira, ana biyan su kuɗin jinkiri kowace rana, wani simintin ya sha danshi ya daskare a cikin jirgi, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Ba wanda zai ce ƙasa mai gina barikoki da makarantu da hanyoyi ba ta bukatar siminti. Tan miliyan na farko alheri ne. Na ashirin kwarya ta biyar ce da aka ɗura wa wanda ya riga ya ƙoshi. Saboda haka in kun ji ana gardamar kasafin kuɗi, wani na cewa ilmi ya fi hanya, wani na cewa lafiya ta fi noma, ku sani an ɗauko tambayar ruwa da lu'ulu'u ce. Tambayar da ke da amsa ita ce, Naira miliyan ɗari na gaba, a wannan ƙaramar hukuma, a bana, ina za su fi yin aiki: aji na bakwai a makarantar da ke da shida, ko rijiyar farko a ƙauyen da ba shi da ko ɗaya?

Saura in ja kunne game da yadda ake karkatar da kalmar. Da yake a Turancin yau da kullum kalmar gefen nan tana ɗaukar ma'anar abu ƙanƙane marar muhimmanci, sai ka ji mai rahoto ya ce amfanin wani aiki na gefe ne, yana nufin bai taka kara ya karya ba. A ilmin tattalin arziki ba haka take ba. Amfanin ƙari na iya zama babba ƙwarai, kwaryar farko ma ai ƙari ce bisa babu. Wasu kuma suna rikita shi da matsakaici. A misalinmu na ɗazu, in ka raba maki 20 ga kwarya huɗu kowace ta tashi da 5, amma ta huɗun 1 kawai ta kawo, wanda kuwa ya biya kuɗin 5 domin abin da ya kawo 1 ya yi wauta. Akwai kuma 'yar'uwar wannan doka da ake kira raguwar amfanin gona ko na masana'anta, kamar yadda buhun taki na huɗu a kadada guda ba ya ƙara masara kamar na farko. Sun yi kama, amma waccan ana auna ta da buhu da sikeli, tamu kuwa a zuciyar mai amfani take.

Na ƙarshe, shi ne kuma wanda kuskurensa ke kai mutum asibiti: dokar ba ta aiki sai an san mene ne ɗaya. Takalmi ƙafa guda ba rabin amfanin takalmi ba ne, taya ta huɗu a mota ba ta gaza ta farko daraja ba, domin ƙafa biyu su ne ɗaya, taya huɗu su ne ɗaya. Haka maganin da likita ya rubuta. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Mutum ya sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, sai ya ce sauran ƙari ne marar amfani, ya ajiye wa wani ciwon ko ya ba maƙwabci. Jin daɗin da ƙwayar ta biyar ke kawowa lalle bai kai na ta farko ba, amma ba domin jin daɗi aka ba shi ba. Ƙwayoyin cutar da suka saura a jini su ne masu taurin kai, in aka bar su zazzaɓin na iya komowa, ana kuma ba su damar sabawa da maganin. Kwana ukun nan gaba ɗaya su ne kwarya guda, ba a raba su. Haka maganin tarin fuka na wata shida, haka allurar rigakafin yara da ake komawa sau da yawa.

Shugaba, na ga an ɗaga mini hannu cewa lokaci ya cika, masu tambaya kuma suna jira.